Ƙusoshin Len a Dutsen Yashi

Marylebone

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa a London ba a buɗe mini ita ba. A ƙarshen shekarun 1980 ne. Na sauka da akwati ɗaya da adireshin wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda ya yi wa kawuna alkawarin zai sauke ni a gidansa har in san gari. Karatu na zo yi kan gwajin kayan gini, wato auna ƙarfin siminti da ƙarfe da dutse kafin a amince musu. Na baro matata Hajara a Azare da cikin fari.

Gidan wani dogon bene ne na jan bulo. Na yi ta danna ƙararrawa har yatsana ya sandare, shiru. Can sai wani dattijo baƙi ya leƙo ta ƙaramar ƙofar gefe, sanye da kwat mai maɓallan ƙarfe. Ya dubi hulata, ya dubi akwatin, ya ce da Hausa, "Ɗan'uwa, wa kake nema?"

Na faɗa masa.

"Ayya. Alhaji ya tafi Kano tun watan jiya. Hajiya ma ya tafi. Flat ɗin a kulle yake."

Duk da tashin hankalin da nake ciki, sai da kunnena ya tsaya a kan "Hajiya ya tafi". Daga baya na san Hausar zangon Kumasi ce, inda mace da namiji duk "ya" ne. Sunansa Baba Issaka, shi ne mai gadin gidan. Ya shigar da ni ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matakala, ya haɗa mini shayi, ya zaunar da ni kusa da hita. Bai tambaye ni komai ba sai da rawar jikina ta tsaya. Sannan ya ce ba ni ne na farko ba. Alhaji yakan raba adireshin nan a gida don a gan shi da girma, baƙi kuma su zo su tarar da ƙofa a rufe.

Bayan wata biyu ko uku na haɗu da Alhajin a masallacin Juma'a. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan kawuna. Ya miƙo mini yatsu biyu, ya ce in gaida mutanen gida idan na yi waya, ya shige mota.

Stratford

A ranar da na sauka Baba Issaka ya tashi daga aiki ya ɗauki akwatina da kansa, muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Stratford, inda yake zaune da iyalinsa a gidan council, irin na haya da hukuma ke bayarwa. Suka kwashe kaya daga wani ɗan lungu suka shimfiɗa mini katifa. Na yi niyyar mako ɗaya, na shekara uku.

Da asuba ina sharar ofisoshi, da hantsi ina aji. Sanyi na iya jurewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duhu. A lokacin hunturu kafin ka gama la'asar an kunna fitilun titi, ka fito daga aji ka rasa inda yinin ya tafi. Mutane a jirgi kowa ya tusa fuska a jarida. Na taɓa yi wa wani sallama don kawai ya yi kama da wani malaminmu na firamare, ya tashi ya sauya kujera.

Hajara ba ta son rubutu, kaset take aiko mini ta hannun matafiya. A kaset na uku na ji kukan 'yata. Aka sa mata sunan mahaifiyata, ana kiranta Ummi. Na saurari kaset ɗin nan har zaren ya fara jan murya, kukan ya koma kamar na tsohuwa. Matar Baba Issaka ta same ni a kicin ina murza shi da biro, ta zuba mini tuwon masara da miyar ayoyo ta fita.

Barking

Da na gama karatu aka ba ni takardar izinin koyon aiki. Irin wannan takarda a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ka. Idan kamfanin ya sallame ka ko ya rufe, zamanka ya ƙare. Nawa kamfanin ɗan ƙarami ne a bakin rafi a Barking, rumfa ɗaya da fili. Mutum biyu ke da shi, Len da mijin ƙanwarsa Roy. Roy ke riƙe da ofis, Len ke fita aiki, ni ina bin Len.

Aikinmu jan ƙusa. Duk inda aka kafa ƙusar ƙarfe a jikin gini don ta riƙe nauyi, kamar wadda masu wankin tagogin bene suke ɗaura igiya, mu ake kira mu tabbatar ba za ta zare ba. Muna da wani jak mai ƙafa uku. A kafa shi a kan ƙusar, a maƙala mata ƙugiya, ina danna hannun jak ɗin, yana jan ƙusar waje, allurar agogon awo tana hawa. Akwai jan layi a fuskar agogon. Idan allura ta kai layin ta tsaya ba ta dawo ba, ƙusa ta ci jarrabawa.

Len gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabo. Roy ya ce sunana ya yi masa tsawo, ya mai da ni Jack. Len kuwa ya yini yana maimaita Yakubu har bakinsa ya kama. Shi ne ya ga ina salla a kan kwali a bayan mota cikin yayyafi, washegari na tarar ya share kusurwar ɗakin ajiya ya shimfiɗa guntun kafet.

Abin da Len yake rayuwa dominsa ba aikin ba ne, hawan dutse ne. Wata Asabar ya ɗauke ni zuwa wani daji a kudu da London, inda duwatsu suka yi jere kamar katanga a cikin itatuwa. Tsayinsu bai wuce bene mai hawa uku ba. Na ga manya da hankalinsu, har da masu furfura, suna manne da dutse kamar ƙadangaru, ba don akwai wani abu a sama ba. Na ce masa a garinmu in an ga mutum yana haka za a kai shi wajen mai magani. Ya yi dariya har da tari.

Ya nuna mini yadda abin yake. Igiya tana bi ta cikin zoben ƙusa da ke can saman dutsen. Baki ɗaya yana ɗaure a ƙugun mai hawa, ɗaya bakin yana hannun abokinsa a ƙasa. Idan ƙafa ta zame, ran mutum gaba ɗaya yana kan wannan ƙusa. Ya ce in murza dutsen da babban yatsa. Fatar waje tana da tauri, amma inda ta ɓare, ciki yashi ne da ya haɗe kamar dunƙulen sukari.

"Ni na kafa su," ya ce, yana taɓa wani zobe da ƙafarsa. "Da can a jikin itatuwa ake ɗaura igiya, itatuwan suna mutuwa. Ni da hannuna na huda, ko sisi ban karɓa ba. Kowace ɗaya za ta riƙe mota."

A nan na fara ganin Des, babban abokinsa, malamin firamare, dogo mai yawan barkwanci. Tun suna samari suke hawa tare. Ya raba mini burodinsa biyu bayan ya buɗe ya nuna mini cuku ne kawai a ciki.

A kakar shekarar, bayan mako guda ana ruwa, Des ya zame daga kusa da saman dutsen. Nauyinsa ya hau igiya, ƙusar ta fito, ya faɗo ƙasa da baya. Bai mutu ba, amma lakarsa ta tsinke. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Des bai tuna komai na ranar ba. Len ya ce wa kowa, har da matar Des a asibiti, ƙusarsa ba za ta fito haka kawai ba, dole Des ya ɗaura igiyar ta wata fuska da ta yi ta lanƙwasa ƙusar har ta saki. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya yarda da shi ke nan. Mutane suka yarda, Des ma ya yarda. Aka ci gaba da hawa a kan sauran ƙusoshin.

Sai bayan kusan shekara ƙungiyar masu hawa ta ce a gwada irin ƙusar don hankalin kowa ya kwanta. Len ne kaɗai a cikinsu mai kayan gwaji, shi aka ba. Aka kawo mana manyan gutsattsarin dutsen yashi daga wata mahaƙa da ke kusa da dajin, aka sauke a filinmu. Muna shigar da su rumfa ɗaya bayan ɗaya, mu huda, mu kafa ƙusa irin tasa, wadda ke buɗa baki a cikin rami idan an ɗaure ta, mu ja. Duk wadda muka ja sai allura ta wuce jan layi. Len ya koma yin fito da baki yana aiki, abin da ya daina tun faɗuwar Des.

Ni ma a lokacin ina cikin farin ciki. Roy ya yi alkawarin zai sa hannu a nema mini ƙarin zama, kuma in kawo Hajara da Ummi. Har na kama ɗaki biyu a wani gida a Barking, na yi musu fenti.

Sai injin ɗaga kayanmu ya lalace. Duwatsu uku da suka rage suka kwana a fili, ruwa yana dukansu kwana da kwanaki. Wata ranar Alhamis Len ya tafi aiki wani gari, Roy ya ce kada in zauna haka, in fitar da jak in ƙarasa gwajin a waje. Na huda, garin da ya fito daga ramin ya yi laushi kamar ƙullu. Na kafa ƙusa, na ɗora jak, na fara dannawa. Allura ba ta kai rabin hanya ba na ji hannun jak ya yi sakayau. Ƙusar ta taho da dunƙulen yashi a jikinta, ba ƙara ba komai, kamar an tuge gyaɗa bayan ruwan sama.

Na ce wataƙila dutsen yana da tsaga. Na gwada na biyu. Na gwada na uku. Duk haka.

Na kira Roy. Ya tsaya a cikin yayyafi yana kallon ƙusoshin uku a ƙasa, ya daɗe. Roy ba mugu ba ne, kuma nan take ya ga abin da ni sai daga baya na gani.

"Jack, waɗannan duwatsun sun lalace. Ba sa cikin gwaji. Gobe mota za ta zo ta kwashe su."

Na ce, "Oga, ranar da Des ya faɗi ma an yi ruwa."

"Na sani." Ya share fuskarsa. "Ka san abin da zai faru in wannan ya shiga rahoto? Masu inshora za su gudu, lauyoyi su shigo. Wurin nan ba zai kai bazara ba. Len kuma, ka san shi. Kana so ka gaya masa shi ya karya bayan abokinsa? Ka kuma tuna takardarka a wurin nan take. Matarka, 'yarka. Ba barazana nake maka ba, gaskiyar ke nan."

Na naɗe kayan aiki na tafi.

Ban nufi ɗakina ba, Stratford na wuce. Na sami Baba Issaka ya dawo daga aiki yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Na zayyana masa komai, ina ta jero dalilai: ba ni na kafa ƙusa ba, ba ni ke rubuta rahoto ba, ni baƙo ne, Ummi ta fara tafiya har ta fara magana ban taɓa ɗaukarta ba. Ya bar ni na gama.

"Ni ban san dutse ba, Yakubu," ya ce. "Amma ka ce sauran ƙusa yana nan a dajin?"

"Suna nan, Baba."

"Mutane yana zuwa yaushe?"

"Asabar da Lahadi."

Ya juya ya dubi taga. Ruwa yana gangarowa a jikin gilashin.

"Yau Alhamis," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ɗauki tawul ya fara goge ƙafarsa.

Da safe na riga kowa zuwa. Len ya iso yana fito, na tare shi a bakin ƙofa tun kafin ya cire kwat. Na ce akwai abin da nake so ya gani. Na kai shi wurin duwatsun, na nuna masa ramukan da ƙusoshin. Ya tsuguna ya tura yatsa cikin rami ɗaya, ya fito da jiƙaƙƙen yashi, ya murza.

"Kawo jak," ya ce.

Shi ya huda da kansa, ya kafa da kansa, ya ɗaure a tsanake kamar mai yi wa jariri wanka. Ya ce in danna, shi yana kallon agogo. Ƙusar ta taho.

Ya zauna a kan dutsen, ruwa yana jiƙa masa wando. Roy ya fito daga ofis ya fara magana, Len ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Sannan ya miƙe ya ce, "Yakubu, ɗauko sufana da zarto. Shiga mota."

Yinin Juma'ar nan gaba ɗaya muka yi shi a saman duwatsu cikin ruwa, muna kwance ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi tsatsa mu yanke zoben. Wasu da hannu kawai Len ya girgiza su suka motsa. Juma'a ta wuce ni, na yi azahar a gindin wata bishiya, goshina a kan rubabben ganye. Da na sallame na hango Len tsaye a inda Des ya faɗi, yana kallon ƙasa.

Ilford

Ranar Lahadi Len ya zo ɗakina ya ce in raka shi gidan Des. Na ce wannan magana ce tsakaninsu. Ya ce, "Kai ka fara gani. Kuma in ni kaɗai ne, zan kai ƙofa in juyo."

An sauko da gadon Des falo saboda ba ya iya hawa bene. Ya rame, kafaɗunsa ne kawai suka ƙara faɗi saboda tura keke. Ya yi murna da ganinmu, ya fara tsokanata kan ko har yanzu ina ganin su mahaukata ne. Len bai zauna ba. Ya zaro ƙusa daga aljihu, da yashinta a jiki, ya ajiye a kan tebur, ya faɗi komai tun daga farko. Bai rage ba, bai nemi uzuri ba. Ya ce ya gwada su a lokacin rani da ya kafa su, bai taɓa tunanin ya gwada bayan ruwa ba.

"Ba kai ba ne, Des. Daidai ka ɗaura. Ni ne."

Matar Des tana tsaye a bakin ƙofar kicin da butar shayi a hannu, ta mayar ta ajiye.

Des ya ɗauki ƙusar yana juya ta. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Shekara guda ina kwance a nan ina ɗaura igiyar nan a kaina. Kullum. Ina neman inda na yi kuskure. Na ce wa yarana babansu ne ya yi ganganci." Ya ɗago ya dube ni. "Kai ka gano?"

Na ce injinmu ne ya lalace, ruwa ya jiƙa duwatsun, ni dai na danna jak ne kawai.

"Na gode, Yakubu. Yanzu fitar min da shi daga gidana."

Abin da Roy ya faɗa duk ya faru. Len ya rubuta rahoto yadda abin yake, ya aika wa duk wata ƙungiyar masu hawa da ya sani. Masu inshora suka janye, manyan kamfanonin da ke ba mu aiki suka daina kira, Roy ya cire hannunsa. Aka sa ranar rufe rumfa. Na je wajen wani lauya a Stratford, ya duba takarduna ya ce babu hanya, in ba ina so in ɓuya in zauna ba izini ba. Wasu 'yan garinmu sun ce in yi hakan, kowa yana yi. Na yi tunanin abin sosai, amma mai ɓuya ba ya kawo iyali, ba ya kuma zuwa gida.

Na aika aka gaya wa Hajara ta je Bauchi ofishin waya, na yi booking na kira ta. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata zuwansu ya fasa. Layin yana ta shuu, na zaci ya yanke.

"To ka dawo mana," ta ce. "Ni dama tsoron sanyin nan nake ji. Ummi hoto take nunawa tana cewa Baba. Gara ta nuna mutum."

Na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa, domin ƙanwata ta gaya mini ta riga ta ɗinka kayan tafiya.

Dajin kudu

Watannin da suka rage Len bai karɓi wani aiki ba. Ya sayo tsohon tankin ruwa ya ajiye a fili, muna tsoma duwatsu su yi mako suna sha kafin mu huda su. Mun gwada ƙusoshi iri-iri, yawancinsu suka zare. A ƙarshe muka tsaya a kan dogon sandan ƙarfe mai tsayin kamu ɗaya, a wanke ramin tas, a cika shi da wani gam mai ratsa yashin ya haɗe da shi, a kafa nesa da bakin dutse, kuma biyu biyu, don in ɗaya ta gaza ɗaya ta riƙe. Wannan ko a jiƙaƙƙen dutse, sai dai dutsen ya tsage biyu, sandan yana nan. Muka koma daji muka kafa su. Len ya tsufa a watannin nan. Ya daina fito, ya daina hawa.

Saura 'yan kwanaki in tashi, aka sa ranar gwajin ƙarshe a gaban 'yan ƙungiya. Len ya ƙi yarda a yi sai da aka sami mako na ruwa. Muna saman dutse muna kafa jak sai muka ji hayaniya a hanyar da ke zagayowa ta baya. Maza huɗu ne ɗauke da keken guragu, suna zamewa a laka, Des yana zaune a kai yana yi musu faɗa, matarsa tana biye. Ba wanda ya gaya mana zai zo. Tun ranar Lahadin nan shi da Len ba su haɗu ba.

Aka ajiye shi kusa da mu. Bai dubi Len ba. Ya ce da ni, "Yakubu, wannan ce a inda na faɗi?"

Na ce ita ce.

"Ba ni hannun jak ɗin."

Na matsar masa. Ya kama da hannu biyu ya fara dannawa. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga ganye. Allura ta hau, ta kai jan layi, ta wuce. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da dannawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, kamar yana so ya ga ta fito. Sai da allura ta kusa ƙarshen agogo na dafa hannunsa na ce jak ɗin zai fashe. Ya saki. Allura ta tsaya cak a inda take. Muka gwada ta biyun, ita ma haka.

Des ya daɗe yana haki. Sannan ya ce, "Ba zan koma ta hanyar lakar nan ba. Ta nan zan sauka."

Matarsa ta kira sunansa, ya girgiza kai. Dokar wurin ta hana a zura mutum daga sama, saboda igiya tana cin dutsen, amma ranar ba wanda ya tuna da doka. Wani ya cire ɗamararsa ta hawa aka ɗaura wa Des. Wani matashi ƙaƙƙarfa ya matso zai riƙe igiya.

"A'a," Des ya ce. Sai a lokacin ya juya ya dubi Len. "Shi ya kafa. Shi zai riƙe."

Len ya ce ba zai iya ba. Des ya zuba masa ido yana jira. Len ya waiwayo ya ce, "Yakubu, tsaya a bayana ka riƙe wutsiyar igiyar. In na saki, kada ka saki."

Ban taɓa riƙe igiyar hawa ba sai ranar. Na naɗa ta a hannu, na dasa ƙafa, na yi bisimilla. Mutum biyu suka ɗaga Des daga keke suka kai shi baki, suka zura ƙafafunsa. Ya ɓace daga idona. Na ga igiya ta miƙe, zoben ya ɗauki nauyi, bayan Len ya sankare. A hankali igiyar ta riƙa bi ta hannunsa tana bi ta nawa, jiƙaƙƙiya, mai yashi. Muna jin muryar Des daga ƙasa yana cewa a dakata, sai Len ya tsaya. Ashe taɓa dutsen yake yi, yana sa yatsu a wuraren da ya saba kamawa. Sai ya ce a ci gaba.

Da igiya ta yi sako-sako muka san ya isa. Len bai saki ba. Ya tsaya riƙe da ita gam, kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna motsi. Ni ma ban saki tawa ba.

Can muryar Des ta taso daga ƙasa.

"Len! Za ka tsaya nan har dare ne? Sauko min da kekena, ina zaune a cikin laka."

Ni da Len muka ɗauki keken, shi gaba ni baya, muka gangara.